Sarauta Ba Naɗi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ikon da Labari Bai Faɗi Tushensa Ba

Marubuta da manazarta adabi a Kano sun daɗe da sanin wani tauraro da yake yawan leƙowa a ƙagaggun labarai da finafinai, wato mutumin da zai buɗe baki ya yanke hukunci kowa ya sunkuyar da kai, alhali har labarin ya ƙare ba a faɗi wanda ya ɗora shi a kan mutane ba. Babu wanda yake musun samuwarsa. Inda ake jayayya shi ne iyakarsa: su wa za a sa a cikin wannan rukuni, su wa za a bari a waje. A wannan rubutu an kira shi "sarauta ba naɗi" domin sauƙin magana kawai.

Mene ne ainihin abin da ake nufi da sarauta ba naɗi?

Tubali ne daga cikin tubalan da ake gina labari da su, irin waɗanda suke maimaituwa daga wannan littafi zuwa wancan har mai karatu ya gane su tun daga nesa, kamar muguwar kishiyar uwa ko marainiyar da ta auri ɗan sarki. A nan tubalin shi ne umarnin da aka bi ba tare da an san daga ina ya samo ƙarfinsa ba. A ɗauka ana cikin rigimar aure a wani gida a Yakasai, dangin ango da na amarya sun kasa daidaitawa, sai wani tsoho da ba a taɓa ambatonsa ba ya shigo zaure ya ce a fasa, nan take attajirin da ya yi babi ashirin yana taurin kai ya ce ya ji ya bi. Tsohon ba uban kowa ba ne, ba liman ba ne, ba mai unguwa ba ne, kuma marubucin bai sake waiwayarsa ba. Ruwa ba ya tsami banza, saboda haka mai karatu zai zauna yana jiran dalili, dalilin kuwa ba zai zo ba.

To a ina saɓanin yake?

Masu faɗaɗa ma'ana suna cewa duk ikon da rubutun bai bayyana asalinsa da bakinsa ba ya shiga, ko na uba ne, ko na sarki, ko na mai kuɗi. Hujjarsu ita ce manazarci yana aiki ne da abin da yake kan takarda, kuma idan aka ba shi damar cike giɓi da abin da yake cikin kansa, kowa zai cike da abin da ya ga dama. Masu taƙaitawa kuma suna cewa ba kowane shiru ne giɓi ba, domin akwai abin da marubuci yake bari saboda ya tabbata mai karatunsa ya zo da shi daga gida. A wurinsu sai an rasa bayani a wuri biyu, a cikin labarin da kuma a cikin sanin al'ummar da aka yi wa labarin, sannan a ce an sami sarauta ba naɗi. Wannan rubutu yana tare da masu taƙaitawa, ko da yake akwai gaɓa guda da masu faɗaɗawa suke da gaskiyar da ba za a iya kauce mata ba, kuma za a zo kanta.

Uban da ya aurar da 'yarsa ga wanda ba ta so, ba tare da an yi bayanin ikonsa ba, yana ciki?

Ba ya ciki, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nuna illar faɗaɗawa. Tun daga shekarun 1980, lokacin da littattafan da aka riƙa kira adabin kasuwar Kano suka fara cika teburan masu sayar da littattafai, auren dole yana daga cikin jigogin da aka fi juyawa, kuma da finafinan bidiyo suka fara fitowa daga 1990 suka ɗauki jigon kamar yadda suka same shi. Idan aka ce duk uban da ya ce "na gama magana" sarauta ba naɗi ce, to an zuba kaso mai yawa na adabin nan gaba ɗaya a cikin tubali guda, kuma sunan da ya haɗiye komai ba ya bambance komai.

Bayan haka, ikon uba a kan auren 'yarsa ba ɓoyayyen abu ba ne ga wanda ya tashi a Kano. Ya san cewa aure ba ya ɗauruwa sai da waliyyi, ya ji cewa a mazhabar Malikiyya da ake bi a nan an yi maganar ikon uba na aurar da 'yarsa budurwa, ya kuma ji malamai suna jan kunne kan neman yardarta. Ya san nauyin albarkar iyaye da tsoron bakinsu, ya taso yana jin ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Marubuciyar da ta tsaya tana bayanin dalilin da ya sa yarinya take tsoron saɓa wa mahaifinta za ta ɓata wa masu karatunta lokaci ne kawai. Abin da irin waɗannan labarai suke tuhuma shi ne yadda aka yi amfani da ikon, ko an yi adalci ko an yi zalunci, tushensa kuwa a fili yake. Haka abin yake ga baffa idan uba ya rasu, da kakar da take tsawata wa ɗanta a gaban matansa ya yi shiru, da uwargidan da take raba kwana da cefane.

Sai dai a lura da wani bambanci. Idan a cikin labarin direban gidan ne ya ce a fasa auren, uban kuma ya bi ba tare da musu ba, to a nan an fita daga abin da al'ada ta bayyana, kuma marubucin ya ci bashin bayani.

Sarkin da yake cikin tatsuniya fa, wanda ba a faɗin sunansa balle tarihinsa?

Shi ma ba ya ciki. Idan mai tatsuniya ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara suka ce "ta zo mu ji ta", ta ce wani sarki ne ya yi shela cewa duk wanda ya yi kaza zai ba shi 'yarsa, kalmar sarki ita kanta ce bayanin. Yaron da ya ga hawan Daushe ko da sau ɗaya ne, ya ga dogarai da jajayen kaya, ya san cewa daga mai unguwa sai dagaci, daga dagaci sai hakimi, daga hakimi sai Sarki. Babba kuma ya san cewa a Kano Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ne masu zaɓen sarki. Rawani takardar shaida ce da ake karantawa ba tare da an yi makaranta ba. Zaki ma da ake kira manyan dawa haka yake, ƙarfinsa ya isar masa. Gizo kuwa akasin tubalin ne gaba ɗaya, domin duk sanda ya sami iko a kan giwa ko kura, mai sauraro yana kallon yadda ya ƙulla makircin tun daga farko, kuma daɗin labarin yana cikin wannan sanin.

Akwai misalinsa a cikin tarihihin ƙasar Hausa?

Labarai biyu da kowa ya sani sun isa a gwada ma'aunin a kansu, kuma ba sakamako ɗaya suke bayarwa ba. Na farko shi ne Barbushe a kan dutsen Dala. Littafin Tarihin Kano, wanda Baturen mulki H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci ya buga a 1908, ya nuna shi a matsayin mutumin da jama'a suke bi kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafa farkon sarautarsa daga shekarar 999. Wanda ya ji labarin sama-sama zai iya ɗauka cewa ga sarauta ba naɗi nan tsantsarta, amma littafin bai bar gurbin a buɗe ba. Ya danganta Barbushe da Dala ta hanyar zuriya, ya siffanta ƙarfinsa a farautar giwa, ya kuma ce shi kaɗai yake shiga wurin Tsumburbura, abin bautarsu, ya fito ya faɗa wa mutane abin da zai auku a shekara. Gado da ƙarfi da asiri sun haɗu a wurin mutum ɗaya, saboda haka babu abin da aka ɓoye wa mai sauraro.

Na biyu shi ne macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda yake hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare kansa. Tsoro ya bayyana dalilin da ya sa mutane ba sa kusantar rijiyar, wannan a fili yake. Abin da labarin bai bayyana ba shi ne dokar kanta: yaya aka yi maciji ya ware rana guda a mako, wa ya sanar da mutanen gari, kuma me ya sa ake kiransa Sarki a garin da yake da sarauniya a kan gado? Mai tsoratarwa kawai ba ya tsara jadawali. Wanda ya tsara rana ya sa aka kiyaye ta ya zama mai doka, kuma tushen dokar tasa ne aka bari a rufe. A ganin mai wannan rubutu macijin ya fi Barbushe cancantar shiga rukunin nesa ba kusa ba.

Idan an ɓoye dalilin har zuwa babi na ƙarshe sannan aka bayyana shi fa?

Wannan jinkirta bayani ne, kuma tubali ne daban mai zaman kansa. Idan a ƙarshe aka gano cewa tsohon da ya shigo zaure shi ne ya ba attajirin jarin farko a Kantin Kwari, ko shi ne ya rufa masa wani asiri shekaru talatin da suka wuce, to an biya bashin. Wahalar da ake samu a yanzu ita ce labarai da yawa ana sakinsu ne kashi-kashi ta WhatsApp, ko a matsayin shiri mai dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin, saboda haka ba a iya yanke hukunci sai labarin ya kammala, wasu kuwa ba sa kammaluwa.

Muryar da ake ji ta waya tana ba da umarni, ko "umarni daga sama", a ina za a sa su?

Wannan shi ne sabon salon tubalin, kuma ana yawan ganinsa a finafinai. Za a ga babban jami'i ya kama mai laifi, sai waya ta yi ƙara, ya miƙe tsaye ya ce "ranka ya daɗe", ya ajiye waya ya saki mutumin. Masu taƙaitawa sun rabu biyu a kan wannan. Wasu suna cewa mai kallo ya san ma'anar "daga sama" sarai, domin ya rayu a ƙasar da ake yin haka, saboda haka al'umma ta riga ta yi bayani. Wasu kuma suna cewa abin da mai kallo ya sani shi ne irin wannan yana faruwa, amma bai san wane ne wannan mai muryar ba, ko kuɗi ne makaminsa, ko muƙami, ko wani asiri da ya riƙe.

Rabe-raben da masanin zamantakewa Bajamushe Max Weber ya yi yana taimakawa a nan. Ya kasa halastaccen iko gida uku: na gado da al'ada, na doka da ofis, da na kwarjinin mutum. Kano ta san dukkan ukun, har ta ga yadda suke hawa kan juna, tun daga 1903 da Turawa suka ci garin suka ɗora sabon Sarki a kan gado amma Razdan yana gefe, zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da ya kawo ƙarshen tsarin En'e. Idan mai kallo zai iya sa muryar a ɗaya daga cikin gidajen nan uku, ko a na huɗu da Weber bai ƙirga a halastattu ba, wato tsoro da toshiyar baki, to ba sarauta ba naɗi ba ce. Idan fim ɗin ya hana shi duk wata alama da zai yi wannan rabon da ita, ta shiga. Ke nan hukuncin yana bin kowane fim da abin da ya nuna, kuma ba za a yi wa duk masu waya kuɗin goro ba.

Malamin tsibbu da boka da aljani fa?

Galibi ba sa ciki. Wanda ya je wurin boka ya san abin da ya kai shi, mai kallo ma ya sani, kuma sharaɗin da boka zai gindaya, komai muninsa, ana binsa ne saboda biyan buƙata da tsoron abin da zai biyo bayan saɓawa. Ko a bori ma iskoki suna da sarakunansu da muƙamansu da ake jerawa kamar na fada. Asiri a labarin Hausa bayani ne karɓaɓɓe, ko mai karatu ya yarda da shi a rayuwarsa ko bai yarda ba.

Sanin wa za a ɗauka a matsayin ma'auni, tunda masu karatu ba ɗaya suke ba?

A nan ne masu faɗaɗawa suke da gaskiyarsu. Idan aka ce al'umma ce take cike giɓin, dole a tambaya wace al'umma. Dattijon da ya tashi a Mandawari ko kusa da Ƙofar Kudu ya san Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, ya san cewa muƙamai ne na bayin sarki waɗanda a da maganarsu take iya girgiza hakimi, ya kuma san cewa jakadiya tana shiga inda namiji ba ya shiga ta fito da saƙon da ba a mayarwa. Matashin da ya tashi a Hotoro ko Rijiyar Zaki yana karanta labari a wayarsa zai iya ganin bawa yana tsawata wa mai rawani ya ɗauka marubucin ya yi kuskure. Mai karatu a Yamai ko Kumasi ko Jidda yana da Hausarsa, amma ba lallai ne ya san fadar Kano ba. Ke nan tauraro guda zai iya zama bayyananne ga wani, rufaffe ga wani, kuma ma'anar da take canzawa da mai karatu tana da rauni.

Amsar da ta fi kusa da gamsarwa ita ce a auna da mutanen da aka yi labarin dominsu a lokacin da aka yi shi. Idan marubuci ya kira tauraronsa Sallama, ya riga ya faɗi tushen ikonsa da kalma guda, kuma rashin sanin mai karatun baya ba ya mayar da bayyanannen iko rufaffe, sai dai ya nuna ana buƙatar ƙarin haske a gefen shafi. Wannan amsa ba ta kashe matsalar gaba ɗaya ba, domin akwai tatsuniyoyin da mutanen da aka fara yi wa su sun daɗe da shuɗewa, kuma mai yiwuwa abin da yake rufe a yau ya kasance a buɗe a wurinsu. Macijin Kusugu kansa zai iya faɗawa cikin wannan tuhuma. Duk da haka, ma'auni mai ɗan rauni a gefe ya fi ma'aunin da yake sa mahaifi da maciji a sikeli ɗaya.

Amfani da wannan tubali laifi ne ko gwaninta?

Ya danganta da inda aka ajiye shi. Idan an kawo mai ikon ne a ƙarshe domin ya kwance ƙullin da marubucin ya kasa kwancewa, rauni ne, kuma tsohon rauni ne, domin Aristotal, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya soki masu wasan kwaikwayon Girka da suke sauko da abin bautarsu ta na'ura ya raba gardama, yana ganin warwara ta kamata ta fito daga cikin labarin kansa. Kwatankwacinsa a nan shi ne dattijon da yake bayyana a minti biyar na ƙarshe ya yi nasiha kowa ya tuba. Idan kuwa an ajiye mai ikon tun farko, labarin ya ginu a kan nauyin da rashin saninsa yake ɗora wa sauran taurari, to yana iya zama gwaninta babba, domin mutum ya fi tsoron abin da bai ga iyakarsa ba. Mai karatu yakan gane bambancin ko da ba zai iya faɗarsa ba: a na farko yana jin an yaudare shi, a na biyu yana rufe littafin da tambayar tana cinsa.

Me ya sa ake ɓata lokaci a kan iyakar suna, alhali labari daɗinsa ake nema?

Domin wanda yake kwatanta labarai ba zai iya aiki ba sai da rukunan da suke rarrabewa. Vladimir Propp na Rasha, a nazarinsa na 1928, ya tattara tatsuniyoyin ƙasarsu ya ce ayyuka 31 ne suke maimaituwa a cikinsu, ya kuma ware mai aiken tauraro daban da mai ba shi kyautar sihiri, ko da yake dukansu umarni suke bayarwa. Stith Thompson na Amurka ya cika mujalladi shida da jerin tubalan tatsuniyoyin duniya, kowane da lambarsa. Ɗalibin da yake rubuta kundi a Jami'ar Bayero, ko mai duba labarin fim a ofisoshin Titin Gidan Zoo kafin a fita ɗauka, yana buƙatar ya iya cewa "nan akwai giɓi" a gane abin da yake nufi. Idan kalmar ta haɗa da kowane uba da kowane sarki, marubuci zai amsa masa cewa ai kowa ma haka yake yi, kuma zai yi gaskiya.

Wane misali ne ya fi wahalar yanke wa hukunci?

Tsohuwar bakin rafi. A tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, yarinya takan tarar da wata tsohuwa da za ta ce ta cuɗa mata baya, sannan ta ba ta ƙwai ta gindaya mata inda za ta fasa shi da inda ba za ta fasa ba. 'Yar bora ta bi ta sami arziki, 'yar mowa ta raina ta gamu da bala'i. Rabin ikon tsohuwar bayyananne ne, domin tsufa kaɗai ya isa ya sa yarinya mai tarbiyya ta durƙusa ta yi abin da aka ce. Ɗaya rabin kuwa a rufe yake, domin ba kowace tsohuwa ce take da ƙwan da dawakai da bayi suke fitowa daga cikinsa ba, kuma ba a taɓa faɗin ko mutum ce, ko aljana, ko wani abu daban. Masu faɗaɗawa suna sa ta a ciki ba tare da jinkiri ba. Daga cikin masu taƙaitawa akwai masu fitar da ita, suna cewa sharaɗinsu na biyayya bai cika ba tunda 'yar mowa ta ƙi bi, kuma iko da ake iya ƙin bi jarrabawa ce kawai. Akwai kuma masu amsa musu da cewa ai 'yar mowa ba ta tsira ba, kuma hukuncin da ya same ta daga hannun tsohuwar ya fito, ba tare da an kai ƙara gaban kowa ba.